Kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa: Akwai magani, amma ina hanyar da za ta kai mutumin Ikara da Maƙarfi da Kudan gare shi?

A Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran garuruwan ƙasar Zazzau, idan mutum mai ƙarfi a jika ya dafe kai ya ce kansa zai tsage, ya yanke jiki ya faɗi, kafin gari ya waye a ce rai ya yi halinsa, bayanin da ake ji a wurin zaman makoki bai wuce uku ba: ko hawan jini, ko iska, ko jifa. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da shi. Sai dai a cikin irin wannan mutuwa ta farat ɗaya akwai kason da likitoci suka san sababinsa, suka kuma san yadda ake yi masa aiki tun fiye da shekara 80 da suka wuce.

Sababin shi ne kumburin jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira aniyurizim. A cikin ire-irensa akwai guda mai wuyar sha'ani, wanda jini ke daskarewa a wani sashe na cikin kumburin, ragowar kuma jini na ci gaba da gudana. A manyan asibitocin duniya ƙwararru kan zauna su yi muhawara a kan hanyar da ta fi dacewa da mai irin wannan ciwo, domin hanyoyin sun kai biyar. Shi kuwa manomin rake a Gazara ko mai tumatir a Paki, sau da yawa ba ya kaiwa inda za a yi wannan muhawara a kansa. Damarsa tana kuɓucewa tun a kan tabarma a tsakar gida, ko a shagon kemis, ko a bakin tagar biyan kuɗin hoto. Nan ne ya kamata hukuma ta fara gyara, kafin a zo maganar gina wani katafaren asibiti.

Mene ne wannan ciwo?

Duk wanda ya taɓa kai babur wurin mai faci ya san yadda tub ke yin ƙululu a inda roba ta yi rauni. Haka jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa take yi. A wurin da jijiya ta rabu biyu, bugun jini na dukan bangonta dare da rana har wajen ya yi laushi, ya bunƙuro kamar 'yar jaka. An fi samun irin wannan kumburi a mahaɗar jijiyoyin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma girmansa bai cika wuce ƙwayar wake ba.

Binciken da aka tattaro daga ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 3 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi. Mafi yawansu za su rayu, su tsufa, su rasu ta wani sababi daban ba tare da sun taɓa sanin yana nan ba. Haɗarin yana kan 'yan kaɗan ɗin da nasu ke fashewa. Idan ya fashe, jini kan malala a kewayen ƙwaƙwalwa, mutum ya ji ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba, wanda ke kai maƙurarsa cikin minti ɗaya kamar an maka masa taɓarya a ƙeya. Amai kan biyo baya, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske, wani ya suma, wani ya yi jijjiga. Aƙalla ɗaya cikin uku na waɗanda abin ya sama ba sa tashi, wasu ma tun kafin a isa asibiti. Cikin waɗanda suka tashi, da yawa na zama da nakasa.

Manyan abubuwan da ke jawo shi biyu ne, hawan jini da shan taba. Ya fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma ya fi kama mata. Yana bin jini a wasu zuri'o'i, ana kuma ganinsa a masu ciwon ƙoda na gado da masu sikila, cutar da ba baƙuwa ba ce a gidajen Arewa.

Ana tashi daga wannan ciwo idan an isa hannun likita da wuri. A 1988, lokacin yana ɗan majalisar dattawa mai shekara 45, an yi wa Joe Biden tiyata har sau biyu a asibitin sojoji na Walter Reed saboda kumburin jijiya guda biyu a ƙwaƙwalwarsa. Ya warke, ya koma aiki, ya zama shugaban Amurka a 2021.

Wanda jini ya daskare a cikinsa

Idan kumburin ya girma, jini ba ya gudu a cikinsa kamar yadda yake gudu a miƙaƙƙiyar jijiya. Juyawa yake yi a hankali, kamar ruwa a lungun rafi inda laka ke kwanciya. Haka gudan jini ke kwanciya a jikin bangon kumburin, hawa bisa hawa kamar ɓawon albasa. An fi ganin haka a manyan kumburi, musamman waɗanda faɗinsu ya kai milimita 25, kusan girman ƙaramin goro.

Wannan nau'i yana ruɗar mutane ta fuska uku. Yana ruɗar dangi, domin idan suka ji likita ya ce jinin ya daskare sai su ɗauka ciwon ya fara warkewa da kansa, su tattara kayansu su koma gida. Alhali bangon kumburin kan fitar da nasa ƙananan jijiyoyi masu tsiyayar jini a cikinsa, kowace tsiyaya ta ƙara masa kauri. Don haka yana iya ci gaba da girma ko da jinin da ke shigarsa ya ragu, kuma yana iya fashewa.

Yana ruɗar na'ura. Hoton da ake ɗauka bayan an zuba ruwa mai haska jijiya yana nuna inda jini ke bi ne kawai, sai babban kumburi ya fito ɗan ƙarami. A hoton CT ko MRI kuma yakan yi kama da ƙari, har a yi zaton kansar ƙwaƙwalwa ce. Sai an haɗa hotunan iri-iri wuri guda, ƙwararre ya duba, kafin a gane gaskiyar abin.

Yana kuma ruɗar majinyacin kansa, saboda sau da yawa ba ya zuwa da faɗuwar farat ɗaya. Danne abin da ke kusa da shi yake yi a hankali. Sai fatar ido ɗaya ta rufe, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, ko gani ya ragu ta gefe guda. Wani farfaɗiya ce za ta kama shi da girmansa alhali bai taɓa yi ba. Wani haɗiya ce za ta gagare shi, ko tafiya ta koma tangaɗi. Wani lokaci kuma ɗan ɓarɓashin gudan jinin ne zai ɓalle ya toshe jijiya a gaba, hannu ya mutu ko baki ya karkace na 'yan mintuna, sannan ya saki. A ƙauye duk waɗannan alamu suna da sunan da aka riga aka raɗa musu, kuma sunan ba ya kai mutum asibiti.

Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2003 ya nuna cewa kumburin da ya kai milimita 25, idan aka bar shi, haɗarin fashewarsa cikin shekara biyar ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100, gwargwadon wurin da yake. Ƙananan da ba su kai milimita 7 ba a jijiyoyin gaba kuwa haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai.

Hanyoyi biyar na magani

Ta farko ita ce a bar shi a sa masa ido. Ana yin haka ga tsoho mai rauni, ko wanda aikin zai fi ciwon haɗari gare shi. A sauke hawan jini, a bar taba, a riƙa maimaita hoto lokaci zuwa lokaci. Wannan shawara ce da likita ke yankewa bayan ya ga hoto ya auna, ta sha bamban da zaman gida na wanda bai san me ke damunsa ba.

Ta biyu ita ce a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan maƙalin ƙarfe, jini ya daina shigarsa. Likitan Amurka Walter Dandy ne ya fara yin wannan a asibitin Johns Hopkins a 1937. Daga baya Gazi Yasargil, ɗan asalin Turkiyya da ya yi aiki a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a ƙarshen shekarun 1960, abin da ya rage mace-mace sosai. Matsalar kumburi mai daskararren jini ita ce wuyansa kan yi tauri, maƙalin ya ƙi kamawa ko ya zame ya toshe uwar jijiyar. Dole likita ya tsayar da jinin wannan jijiya na ɗan lokaci, ya tsaga kumburin, ya kwashe gudan jinin, sannan ya matse. Amfanin wannan hanya shi ne tana sauke nauyin da ke danne ƙwaƙwalwa nan take. Haɗarinta kuma, duk mintin da jijiya ta yi a rufe yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ta uku ita ce a bi ta cikin jijiya ba tare da an buɗe kai ba. Ana zura siririn tiyo daga cinya ko wuyan hannu har ƙwaƙwalwa, a cusa lallausan zaren ƙarfen filatinam cikin kumburin har ya cika. Likitan Italiya Guido Guglielmi ne ya ƙirƙiro wannan, hukumomin Amurka suka amince da shi a 1995. A 2002 an wallafa sakamakon gwajin da aka yi a kan majinyata 2,143 waɗanda nasu ya fashe. Bayan shekara guda, kusan kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka cusa wa zare sun rasu ko suna buƙatar mai jinya, na waɗanda aka buɗe wa kai kuwa kusan kashi 31. Tun daga nan wannan hanya ta karɓu a duniya. Amma a kumburi mai daskararren jini tana da babbar naƙasa: zaren kan nutse cikin gudan jinin kamar dutse a taɓo, bakin kumburin ya sake buɗewa, a koma gidan jiya. Kuma ba ta rage girman abin da ke danne ƙwaƙwalwar.

Ta huɗu ita ce a rufe uwar jijiyar gaba ɗaya. Kafin a yi haka ana gwadawa da ɗan balan-balan a cikin jijiyar, a ga ko sauran jijiyoyi za su iya ɗaukar nauyin. Idan ba za su iya ba, sai a fara yi wa jinin sabuwar hanya, kamar yadda manomin rani ke fasa wa ruwa wata magudana kafin ya datse tsohuwar. Ana ɗauko jijiya daga gefen kai, ko hannu, ko ƙafa, a ɗinka ta a gaban inda kumburin yake. Yasargil ne ya fara irin wannan ɗinki a cikin kai a 1967. Aiki ne mai ɗaukar sa'o'i, kuma masu hannun yin sa kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Ta biyar ita ce mafi sabunta. Ana shimfiɗa wata raga mai ƙananan idanu a cikin uwar jijiyar daidai bakin kumburin, jini ya riƙa wucewa gaba maimakon ya faɗa ciki. Cikin watanni kumburin kan rufe, wani lokaci ya motse. An amince da irin wannan raga a Amurka a 2011. Sharaɗinta shi ne majinyaci ya sha magungunan tsinka jini iri biyu, asfirin da kulofidogirel, na tsawon watanni ba fashi. Wanda ya daina sha saboda kuɗi sun ƙare, ko saboda maganin ya yanke a garinsu, ragar na iya toshewa ta shanye masa jiki. Saboda haka a wannan yanki, nisan gidan mutum da ƙarfin aljihunsa suna cikin abin da likita zai auna kafin ya zaɓi wannan hanya.

Babu guda a cikin biyar ɗin da ta fi sauran a kowane hali. Zaɓin ya danganta da wurin da kumburin yake, da girmansa, da faɗin wuyansa, da rassan da ke fita daga jikinsa, da shekarun majinyaci, da kuma ko ya riga ya fashe. Idan ya fashe, ana so a rufe shi cikin kwana guda in da hali, domin haɗarin sake fashewa ya fi yawa a sa'o'in farko. Bayan nan akwai kwanaki masu haɗari, daga na huɗu zuwa na 14, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke tsukewa, shi ya sa ake ba da maganin nimodifin na kwana 21 ana lura da majinyaci a asibiti. Duk wannan lissafi daga abu ɗaya yake farawa, wato hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka da wuri.

Inda damar ke kuɓucewa

Najeriya ba baƙuwa ba ce a tiyatar ƙwaƙwalwa. Tun 1962 Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen a asibitin koyarwa na Ibadan. A Arewa akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Malam Aminu Kano, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafuwarta. Duk da haka, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar ba su kai 200 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Wuraren da ke yin aikin cikin jijiya kuwa 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a Legas da Abuja.

A kan taswira, mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku sun fi yawancin 'yan Arewa sa'a. Daga Hunkuyi ko Maƙarfi ko Ikara zuwa Shika tafiyar ba ta wuce awa biyu a mota ba, ga Kano ta ɗaya ɓangaren. Amma tafiyar awa biyu takan ci kwana uku, domin akwai shinge huɗu a hanya.

Shinge na farko a gida yake. Ana kwantar da majinyaci, a yi hayaƙi, a kira mai ƙaho, a ɗura masa ruwa yana sume har ya shaƙe. Niyyar mai kyau ce, lokacin ne ke tafiya. Wasu majinyatan kan yi wani matsanancin ciwon kai na gargaɗi kwanaki kafin babbar fashewar, ya lafa da kansa, kowa ya ce sauƙi ya samu.

Na biyu shi ne shagon kemis, wanda a ƙauyuka da yawa shi ne asibitin farko. Ciwon kai da amai a wannan yanki sunansa maleriya ko taifot har sai an tabbatar da akasin haka. Mafi haɗari shi ne a ba da asfirin da sunan maganin shanyewar jiki. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta. Maganin tsinka jini yana taimakon ta farko, yana ƙara wa ta biyu zuba, kuma ido ba ya iya bambance su sai na'ura.

Na uku shi ne ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da ya ga sanƙararren wuya a watan Maris ko Afrilu, sanƙarau ne zai fara zuwa masa a rai, kuma yana da hujja. Tambaya ɗaya ce ke raba hanya: yaya ciwon kan ya fara? Sanƙarau ya fi zuwa da zazzaɓi, yana hauhawa cikin sa'o'i. Fashewar jijiya kuwa majinyaci ko wanda ke kusa da shi zai iya faɗin abin da yake yi daidai lokacin da ta same shi.

Na huɗu shi ne kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Zaren filatinam da raga daga waje ake shigo da su da dala, aikin kan kai miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Manomi ma ba ya cikin masu albashin. Kafin a sayar da raken da ke gona, a jira ranar kasuwa a kai akuya, a buga neman taimako a Facebook, sa'o'in da suka fi tsada sun wuce.

Hujjar masu cewa ba shi ne a gaba ba

Akwai masu cewa yankin da yara ke mutuwa da maleriya da tamowa, mata ke rasa rai wurin haihuwa, bai kamata ya ɓata hankali a kan ciwon da ba kasafai ake gani ba. Maganarsu tana da nauyi. Kuɗin da za a yi wa mutum ɗaya aikin raga zai sayi gidan sauro da maganin maleriya na yara masu yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage wa rigakafi a kai wa tiyata.

Sai dai abin da mai kumburin jijiya ke buƙata a sa'o'in farko shi ne ma'aikacin da zai gane alama, da motar da za ta ɗauke shi, da hoton da ba sai an biya kafin a ɗauka ba. Waɗannan su ne dai abubuwan da ɗan acaɓan da ya fasa kai a Tashar Yari ke buƙata, da tsohuwar da jikinta ya shanye a Likoro, da mai juna biyun da ke jijjiga a Saulawa. Hanya ɗaya ce ke ɗaukar su duka. Idan aka gyara ta don ciwo mai wuya, masu ciwon yau da kullum ne za su fi morarta.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne alƙawarin cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma. Irin wannan aiki hannu ke gogewa da yawan yi. Likitan da ke ganin kumburi ɗaya a shekara ba zai kai wanda ke gani kowane mako ba, kuma na'urar da babu wuta, babu injiniya, babu mai karanta hotonta, ƙura kawai za ta sha.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a koyar da ƙa'ida ɗaya tak a cibiyoyin lafiya 255 da Jihar Kaduna ta ware, ɗaya a kowace mazaɓa: duk wanda ya zo da ciwon kai na farat ɗaya mai tsananin da bai taɓa ji ba, ko fatar ido da ta rufe kwatsam, ko farfaɗiyar da ta fara da girma, a tura shi gaba a ranar, kada a ba shi asfirin. Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris tana cikin garin Maƙarfi, ta daɗe tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da waɗannan cibiyoyi. Nan ne wurin da ya fi dacewa a fara. A kuma haɗa da masu kemis ta hanyar ƙungiyarsu, tunda su majinyaci ke fara gani.

Na biyu, a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya tsakanin asibitocin gwamnati na Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi da asibitin Shika. A sami lambar waya guda da likita ke ɗauka dare da rana, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki da direba a kusa. Shika na gwamnatin tarayya ne, sauran na jiha ne, amma majinyaci bai san wannan rabo ba, kuma bai kamata ya mutu a tsakaninsa ba.

Na uku, hoton farko ya zama a wuyan hukuma. Doka ta riga ta share fage. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Jihar Kaduna na da hukumarta ta KADCHMA tun 2018. Abin da ya rage shi ne a rubuta ƙarara cewa hoton CT na gaggawa yana cikin abin da ake biya, asibiti ya ɗauka, ya karɓi kuɗinsa daga baya. A cikin awa shida na farko, wannan hoto kusan ba ya kuskuren gano jinin da ya zuba.

Na huɗu, jihohi bakwai na Arewa maso Yamma su haɗa ƙarfi su tsayar da cibiya ɗaya mai cikakken kayan aikin cikin jijiya a ɗaya daga asibitocin koyarwar da ake da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan suka sayi kayan a dunƙule farashi zai sauka, idan suka tura likitoci horo da sharaɗin dawowa da albashin da zai riƙe su, aikin zai ɗore. Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024 na iya ɗaukar wannan a cikin ayyukanta na farko.

Na biyar, a riƙa rubuta lissafi. Kowane babban asibiti ya ajiye kundin waɗanda suka zo da shanyewar jiki ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, da kwanakin da suka yi kafin su iso, da abin da ya same su. Da wannan kundi ne za a san ko gyaran na aiki.

Abin da ke hannun jama'a

Rigakafin da ya fi kowane arha shi ne awon jini. Kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama yana buƙatar kulawar asibiti, kuma maganinsa ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Na'urar awo guda a kasuwar Maƙarfi, ko a ƙofar masallacin Juma'a da majami'a, ba ta fi ƙarfin ƙungiyar ci gaban gari ba.

Idan abin ya faru, a kwantar da majinyaci a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko magani yana sume, a lura da lokacin da ciwon ya fara, a nufi asibitin da ke da na'urar hoto. Addu'a ana yin ta a cikin mota. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma kalma ɗaya daga liman a huɗuba za ta isa inda takardar ma'aikatar lafiya ba ta isa ba. Wanda aka gano masa kumburi kuma ya tambayi likitansa hanyoyin da ake da su, da haɗarin kowace, da haɗarin barinsa. Ya adana hotunansa, domin da su ake gane ko abin yana girma.

Ikara da Maƙarfi da Kudan na da shugabannin ƙananan hukumomi, da 'yan majalisar jiha, da wakilai a Abuja. Duk lokacin da ɗayansu ya zo taron gari ko neman ƙuri'a, akwai tambayar da ta kamata a yi masa a bainar jama'a, a kuma jira amsa: idan mutum ya faɗi a Kurmin Kogi ƙarfe biyun dare, wace mota ce za ta ɗauke shi, wane likita za a kira, kuma wa zai biya kuɗin hoton?